Kiɗan fagen fama a fim ɗin tarihin Sin: yaya ake haɗa okestira da erhu da manyan ganguna ba tare da sun danne juna ba?

Ɗalibin Kiɗa

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan kiɗan manyan finafinan yaƙi na tarihin Asiya ce, irin waɗanda za ka ga rundunoni sun cika fili, ga dawaki ga tutoci, kiɗa kuma yana haɗowa kamar hadari.

A ce ga fim da labarinsa ya faru a ƙasar Sin a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 208 miladiyya, lokacin da aka gwabza a bakin kogin Yangtse. Akwai fitowar yaƙi ta minti 7. Minti ɗaya da rabi na farko jira ne, ana kallon-kallo. Sai a buga gangar farmaki, barade su zabura, a yi karo, sarkin yaƙin ɓangare ɗaya ya faɗi, rundunarsa ta watse. Darakta yana son cikakkiyar okestira, kuma yana son kunne ya shaida cewa Sin ake, wato a ji erhu (gogen Sin) da guzheng (doguwar garaya ta kwance mai tsirkiyoyi da yawa) da sarewar dizi da manyan ganguna.

Makaɗa nawa ake bukata? A kan wace murya ya kamata a gina kiɗan? Me ya sa erhu yake nutsewa da zarar sauran gogunan sun shigo, kuma me ya sa ganguna masu girgiza ɗaki a situdiyo suke komawa gurnani kawai idan an haɗa su da ƙarar dawaki? Sannan a ɗauki kowa tare ne, ko rukuni-rukuni? Allah ya ƙara basira.

Mai Tsara Kiɗa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye maganar yawan makaɗa tukuna, fara da murya, don a nan ake yin tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Okestira za ta bi ka duk muryar da ka zaɓa. Kayan gargajiya ba haka suke ba, kowanne yana da gidansa.

Erhu tsirkiya biyu gare shi, ta ciki D, ta waje A, kuma ba ya sauka ƙasa da wannan D ɗin da ke maƙwabtaka da C ta tsakiyar fiyano. Izgar bakansa a tsakanin tsirkiyoyin biyu take ratsawa, saboda haka kar ka rubuta masa sauti biyu a lokaci guda yadda ake yi wa biyolin, gogen Turawa. Pipa, molon Sin, tsirkiya huɗu, A, D, E, A. Guzheng na yau tsirkiya 21, an saba ɗaure shi a kan D, E, F#, A, B, ana maimaitawa har oktaf huɗu (oktaf shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, kamar daga D zuwa D ta gaba). Ka ga duka sun karkata ga D, kuma gogunan okestira ma suna da buɗaɗɗun tsirkiyoyin D da A, don haka amonsu ya fi fita a nan.

Sai dai wannan jerin na guzheng mai haske ne, ya fi dacewa da fada ko lambu. Fagen fama yakan nemi D, F, G, A, C. Ga mai erhu wannan ba komai ba ne, shi ne abin da suke rubutawa 1=F a rubutunsu na lambobi, wato F ce lamba 1, tsirkiyoyinsa su zama 6 da 3. Ga mai guzheng kuwa aiki ne: sai ya matsar da jakunan duk F# zuwa G, duk B zuwa C, duk E zuwa F, jaki 12 ke nan cikin 21, sannan a jira tsirkiyoyin su zauna. Ba a yin wannan ana tsakiyar kiɗa. Idan fitowar tana bukatar jerin biyu, a kawo guzheng biyu, kowanne a ɗaure da nasa. Ka kuma tuna hannun hagu yana danna tsirkiya ne ta hau, ba ta da hanyar sauka ƙasa da inda aka ɗaure ta.

To, nutsewar erhu. Ɗan akwatinsa ƙarami ne, an rufe shi da fatar mesa, kuma duk hawan da ya yi sama muryarsa ƙara sirancewa take yi. Biyolin kuwa hawa yake ƙara masa kaifi. Inda erhu ya fi daɗi shi ne daga D ta ƙasa zuwa kamar oktaf ɗaya da rabi, kuma nan ne daidai mazaunin biyolin 30 na okestira. Ɗaya ba zai ja da talatin ba. Ƙara masa ƙarfi a na'ura ba ya magance komai, ƙarar gugar izga kawai za ka ƙaro. Maganin a takarda yake: idan erhu zai yi magana, biyolin su yi shiru ko su haura can sama su riƙe sauti ɗaya a hankali, biyola da celo, manyan gogunan da suka fi biyolin kaurin murya, su shimfiɗa masa tabarma a ƙasa da abin rage amo a kan jakunansu, kayan busa na tagulla kuma su huta gaba ɗaya. Kar ka sa biyolin su bi shi sauti da sauti. Shi yana zamewa ne daga wannan sauti zuwa wancan, su kuma suna taka kowanne daidai, sai kunne ya ji kamar wani bai saita kayansa ba. Idan ana son taken ya cika fili, a bai wa hon 8 (ƙahon tagulla mai naɗi) da celo 10, a bar gaɓa biyu (kowace gaɓa bugu huɗu) erhu ya amsa shi kaɗai. Waƙa da amshi, ba taron murya ba.

Akwai wata hanyar: a bar erhu, a sa celo ko biyolin guda ya ari zamewarsa. Mai tsara kiɗa Tan Dun ya yi haka da celon Yo-Yo Ma a fim ɗin darakta Ang Lee na 2000, kuma kiɗan ya ci Oscar. Celo yana da ƙirjin da zai tsaya a gaban okestira, abin da erhu ba shi da shi.

Yawan makaɗa: goguna 60, wato biyolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, kwantirabas (gogen da ya fi duka girma) 8, idan hon 8 za ka sa. In kuɗi ya gaza, 14, 12, 10, 8, 6, amma sai ka rage hon zuwa 6, in ba haka ba tagulla za ta haɗiye goguna. Turampet 3, tirombon 4 har da na ƙasa, tuba 1, kayan busa na itace 8 zuwa 12, timfani (gangar okestira da ake saita wa murya) 1, masu ganguna 3 ko 4. Jimla tsakanin 75 da 95.

Kowace runduna ka yi mata take, gajere, sauti 4 zuwa 7, wanda dizi ɗaya zai iya busawa kuma tirombon huɗu za su iya rangaɗawa. Ka bambanta su ta siffa, ɗaya ya yi tsalle sama, ɗaya ya gangaro taki-taki, don a cikin hayaniya siffar kunne yake kamawa. A wajen rakiya, ka guji C# mai jan kunne zuwa D. Da ta shigo, kiɗan ya koma Turai. Riƙe D a ƙasa na tsawon lokaci, ka ɗora tazarar huɗu da ta biyar a kai.

Gudu kuma da firem, wato hoto ɗaya-ɗaya na fim, ake lissafa shi. Fim yana tafiya firem 24 a daƙiƙa, 1440 a minti. Raba 1440 da yawan bugu a minti: 60 ya ba ka firem 24 a kowane bugu, 96 ya ba ka 15, 120 ya ba ka 12, 144 ya ba ka 10. Ni a wannan fitowar zan sa jiran a 60, zaburar dawaki ta fara a 120 ta hau zuwa 144, kuma a daidai karon in ɗauke kiɗan gaba ɗaya na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ƙarfe da ihu sun isa. Idan sarkin yaƙi ya faɗi, nan ne wurin erhu, a 60, da taken rundunarsa a hankali.

Malamar Tarihi

Malam ya gama da ɓangaren takarda. Ni abin da zan ƙara shi ne a raba kiɗa biyu: wanda mutanen cikin fim suke ji, da wanda mai kallo kaɗai yake ji. Na biyun yana da 'yanci, ai okestira ma ba ta zamanin ba ce. Na farkon kuwa, duk abin da kyamara ta nuna a hannun soja dole ya zama na lokacin.

A shekara ta 208 babu erhu. Kakansa, xiqin, sai a zamanin Tang aka san shi, daular da ta fara a 618. Pipa mai siffar ƙwai ta shigo ta hanyar tsakiyar Asiya bayan Han ta faɗi. Suona, algaitar Sin, a zamanin Ming ta kafu sosai a cikin soja, janar Qi Jiguang na ƙarni na 16 ya yi amfani da ita wajen ba da umarni. Guzheng yana nan tun kafin Han, amma da tsirkiyar siliki kuma ƙasa da 21, wannan mai ƙarfe a ciki na ƙarni na 20 ne. Abin da yake na lokacin: ganguna, ƙararrawar tagulla ta hannu, ƙaho, sheng mai bututu da yawa, da guqin mai tsirkiya 7. Manyan ƙararrawan fada ma sun girmi Han nesa ba kusa ba, jerin 65 da aka tono a kabarin basaraken Zeng a lardin Hubei a 1978 na wajen 433 kafin haihuwar Annabi Isa ne, kuma kowace ɗaya tana ba da sauti biyu gwargwadon inda aka buge ta.

Ƙa'idar filin daga a Sin ta dā sananniya ce: ganga ta ce a ci gaba, ƙarfe ya ce a ja da baya. Wannan kyauta ce ga mai tsara kiɗa. Ka hana okestirarka duk wani kayan bugu na ƙarfe tun daga farkon fitowar, kar a ji faranti (faifan tagulla da ake gwarawa) ko kuge ko sau ɗaya, sai lokacin da rundunar ta karye. Bugu ɗaya na tagulla a nan ya fi bayanin baki.

Akwai kuma labarin yaƙin Changshao a 684 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakanin ƙasashen Lu da Qi. Cao Gui ya hana sarkin Lu buga ganga har sai da abokan gaba suka buga tasu sau uku, hujjarsa ita ce bugun farko yana tayar da zuciya, na biyu ta fara sanyi, na uku ta ƙare. Kunnen mai kallo ma haka yake. Ƙololuwa ɗaya ce tak a minti 7, sauran duk hawa ne ko sauka.

Kuma don Allah, ɗan'uwa, kar a gauraya ƙasashe. Gangar taiko da sarewar shakuhachi da molon biwa na Japan ne, kuma jerin sautin Japan irin E, F, A, B, C yana da ƙananan tazara da ba a samu a jerin biyar na Sin. Algaitar taepyeongso da kakakin nabal na Koriya ne. Gangar Sin dagu ce da tanggu. Har a Japan ɗin ma, taron masu taiko da yawa suna kiɗa tare a dandali ya fara ne da Daihachi Oguchi a 1951, a fagen yaƙin samurai ganga da bawon katantanwar teku ake amfani da su wajen isar da umarni. An sha ɗora taiko a kan labarin Sin, ƙungiyar Kodo ta buga a fim ɗin Zhang Yimou na 2002, amma a bayan fage aka ji su, kuma da sani aka yi.

Injiniyan Sauti

Gurnanin da ake kuka da shi ba laifin ganga ba ne, cunkoso ne. Babbar ganga tana zaune tsakanin Hz 40 da 120 (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa, ƙaramar lamba tana nufin kaurin murya). Kofaton doki ɗari, faɗuwar katanga, rurin wuta, kwantirabas, tuba, timfani, duk nan suke. D ta ƙasa a celo Hz 73 ce, ta kwantirabas mai tsirkiya biyar kusan 37. Abubuwa da yawa haka a wuri ɗaya, kunne ba ya iya rarrabewa, kuma a ɗakin haɗa sautin fim idan aka rasa wuri kiɗa ake saukewa, ba dawaki ba.

Abu na farko, a zauna da mai haɗa ƙarar fage (kofato, takubba, ihu) tun kafin a rubuta gaɓa ɗaya, a raba fili. Inda dawaki suke sukuwa kusa da kyamara, ƙasa tasu ce, kiɗa ya koma tsakiya da sama, ƙananan ganguna masu kaifi da goguna masu gajeren ja da turampet. Inda kyamara ta ja baya aka ga filin daga nesa, ƙarar fage ta ragu, babbar ganga ta karɓa. Haka ma a sama: karon takubba yana tsakanin Hz 2,000 da 8,000, wurin faranti ke nan, wani dalilin da ya sa shawarar Malama ta ɓoye ƙarfe take da amfani. Maganar ɗan wasa kuma tana fita ne tsakanin 1,000 da 4,000, daidai inda dizi da suona suke huda kunne. Kar su yi busa a ƙarƙashin magana.

Na biyu, babbar ganga amonta yana daɗewa kafin ya mutu. A gudun 144 kowane bugu bai kai rabin daƙiƙa ba, idan aka buga ta a kowanne, sabon bugu yana faɗawa cikin jelar tsohon. A ba ta bugu ɗaya a gaɓa, ko ɗaya a gaɓa biyu, ƙananan ganguna su riƙe gudun. Gangar da aka kafe fatarta da ƙusoshi ba a saita ta, kuma danshi yana saukar da muryarta, don haka a shigo da ita situdiyo kwana ɗaya kafin aiki, a saurari inda ta zauna. In ta faɗo kusa da D amma ba daidai ba, za ta yi ta rigima da timfani, sai a cire timfani daga waɗannan gaɓoɓin. Fatar erhu da ɗan tantanin da ke kan ramin dizi ma danshi da sanyin na'ura suna canja su, a ba masu su lokaci su daidaita.

A kan ɗauka, ni ra'ayina rukuni-rukuni. Sauti yana tafiya mita 343 a daƙiƙa, kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowace mita. Ganga a bayan zaure, mita 12 daga manyan makirufo, tana isowa a makare da kashi 35 cikin 1,000 na daƙiƙa, firem ɗaya kuwa kashi 42 ne. Ga shi kuma tana shiga makirufon kowa, ba yadda za a rage ta daga baya ba tare da an rage goguna ba. Saboda haka: ganguna da farko su kaɗai, sai goguna da kayan itace, sai tagulla, sai masu kayan gargajiya ɗaya bayan ɗaya. Duka a zaure guda, da manyan makirufo uku a wuri guda, biyu na gefe mita 2 a tsakaninsu, na tsakiya mita ɗaya da rabi a gaba, a tsayin mita 3 zuwa 3 da rabi, don amon ɗakin ya zama iri ɗaya. Erhu ta bayan akwatinsa sauti yake fita, makirufo a gaba kaɗai izga zai kama, a sa ɗaya a gefen baya kamar rabin mita. Guqin muryarsa ba ta wuce ta mai raɗa ba, shi kaɗai a ɗaki, a kashe na'urar sanyi.

A amince tun farko ko sautin A da kowa zai saita kayansa da shi Hz 440 ne ko 442, a sanar da mai dizi da mai sheng, don su ba sa iya matsawa da yawa. A ɗauka a kHz 48, bit 24, a miƙa kowane rukuni daban: goguna, tagulla, ƙananan ganguna, manyan ganguna, mai kiɗa shi kaɗai, mawaƙa. Kuma kar a jingina ƙarfin ganga ga lasifikar silima mai fitar da kaurin sauti kawai, mai kallo a talabijin ba shi da ita. Ƙarar haɗuwar gula da fata ita ce take tsira a ƙaramar lasifika, a ba ta makirufo nata.

Ɗalibin Kiɗa

Na gode ƙwarai malamai, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu. Idan aka rarraba ɗaukar haka, kiɗan ba zai rasa rai ba? Sannan masu kayan gargajiyar, irin takardar da okestira take karantawa ake ba su?

Madugun Makaɗa

Zai rasa wani abu, ɗan'uwa, kuma a nan na ɗan saɓa wa Malam Injiniya. Ganguna a ware su, wannan babu gardama. Amma goguna da tagulla idan suna ɗaki ɗaya suna jin juna, mai hon yana saita muryarsa da celo, masu biyolin suna ƙara nauyin baka idan tirombon ya taso a bayansu. In an raba su, kowa ƙwanƙwasar kilik, bugun awon gudu da ake sa masa a kunne, yake bi, sai a samu kiɗa mai tsabta wanda ba ya numfashi. Ni zan raba ne a sashen sukuwa da karo kawai, inda ake sa ran editin zai sake canjawa. Sashen jira da na faɗuwar sarkin yaƙi a ɗauke su tare, a kashe kilik, madugu ya bi hoton da ido, mai erhu yana zaune kusa da shi a bayan allon kare sauti. Zamewar erhu ba ta shiga awo, okestira ce za ta jira shi.

Wanda yake shakkar abin da kiɗa mai jan numfashi zai iya yi a tsakiyar yaƙi ya duba harin da aka kai wa ganuwa ta uku a fim ɗin Kurosawa na 1985. An ɗauke duk ƙarar fage na mintuna da dama, ba ihu ba kofato, sai kiɗan Toru Takemitsu a hankali daga okestirar Sapporo, har harbin bindiga ɗaya ya dawo da hayaniyar duniya.

Kar a ɗauki minti 7 a jere. A gudun 120 gaɓa 210 ke nan, leɓen masu tagulla ba zai kai ba. A yanka gida uku ko huɗu, kowanne kar ya wuce minti biyu da rabi, a sa mahaɗar a ƙarƙashin babbar ƙara ko a wurin shirun nan na karo. Hon 8 a raba su huɗu-huɗu suna karɓar juna, su haɗu duka a ƙololuwa kawai. Zama ɗaya awa 3 ne da hutu a ciki, kuma kiɗa mai wuya irin wannan a yi lissafin minti 10 zuwa 15 a zama. Sassan tagulla masu nauyi a sa su bayan rabin awar farko, lokacin baki ya yi ɗumi bai gaji ba.

Takarda kuwa, waɗanda suka fito daga makarantun kiɗa na Beijing ko Shanghai suna karanta ta layi biyar. Da yawa sun fi sakewa da jianpu, rubutun lambobi 1 zuwa 7, ɗigo a sama oktaf na sama, ɗigo a ƙasa na ƙasa, layi a ƙarƙashin lamba yana raba tsawonta biyu, 0 kuma shiru. A tambayi kowa tun da wuri, a shirya iri biyun, a rubuta 1=F ko 1=D a saman shafi. Kar a cika musu takarda da alamun ado. A rubuta ƙashin taken, a yi ɗauka ɗaya yadda aka rubuta, sannan a ce su kaɗa shi yadda za su kaɗa a gida, a yi biyu ko uku haka. Mai dizi kuma a aika masa jerin muryoyin mako guda kafin zama, don kowace sarewa da muryarta take zuwa, kuma wadda ake kira ta D sautinta na ƙasa A ne, ba D ba. In takenka ya sauka zuwa G, sarewar C zai ɗauko.